Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Aka Yi wa Wasan Tseren Motoci Alƙalanci, 1982 zuwa 2022

A garin Dayi, inda titin da ya taso daga Kano ta Gwarzo ya haɗu da wanda ya fito daga Funtuwa da Malumfashi ya miƙa Yashe da Katsina, yara sun daɗe suna ƙera mota tun kafin su iya rubuta sunanta. Da kaka, idan an girbe dawa, sai a ɓare kara, a yanka cikinsa mai taushi ya zama gangar jiki, a fere ɓawonsa ya zama ƙusa. A zamanin da injinan gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi ke kan ganiyarsu, langalangar da ake ɗaure dilar auduga da ita ta zama ƙarfen ƙera motar da ta fi ta kara ƙarko.

Duk inda aka jera irin waɗannan motoci, ba a rasa gardama. Wani yaro yana duba kyau: shin ta yi kama da babbar motar da ke lodin masara a tasha? Wani kuma ƙasa yake leƙawa: idan aka murɗa dogon sitiyarin, tayoyin gaba suna juyawa, ko kuwa ado ne kawai? Wannan gardama, tsakanin abin da ya yi kama da mota da abin da yake aiki kamar mota, ita ce ta raba kan masu sharhin wasannin kwamfuta a Japan da Turai da Amurka tsawon shekara arba'in. A can, makomar kamfanoni da aikin ma'aikatansu sun rataya a kan amsar da aka bayar.

Daga nishaɗi zuwa lissafi

A 1982 kamfanin Namco na Japan ya fitar da Pole Position, wasan da ake jefa wa tsabar kuɗi a ɗakunan wasa. Ya ɗauko filin tsere na gaske, wato Fuji, ya kuma tilasta wa mai wasa ya fara zagayen neman cancanta kafin a bar shi ya shiga tsere. Duk da haka motar da ke cikinsa hoto ce mai zamewa hagu da dama. Ba ta da nauyi, tayoyinta ba su san zafi ba.

Sauyin ya zo daga mutanen da suka ɗauki mota a matsayin matsalar lissafi. A Ingila, Geoff Crammond, wanda ya karanci kimiyyar fiziks, ya rubuta Revs a tsakiyar shekarun 1980 don ƙaramar kwamfutar BBC Micro, inda ya kwaikwayi filin Silverstone da tuddansa da gangarensa. A Amurka, David Kaemmer da Omar Khudari na kamfanin Papyrus suka fitar da Indianapolis 500 a 1989. A cikinsa motoci 33 ne ke kan titi, mai wasa yana iya sauya iskar taya da saitin giya da yawan man da zai ɗauka, kuma kowane sauyi yana bayyana a yadda motar ke shan kwana. A 1991 Crammond ya dawo da Formula One Grand Prix, a 1994 kuma Papyrus ya fitar da NASCAR Racing, wanda ya sayu sama da kwafi miliyan ɗaya.

Daga nan mujallun wasanni suka shiga tsaka mai wuya. Ma'aunin da suka saba da shi ɗaya ne: wasa yana da daɗi ko ba shi da shi. Yanzu ga wasannin da ke iƙirarin gaskiya. Wanda bai taɓa tuƙa motar tsere ba, da wane mizani zai auna gaskiyar? Kuma idan gaskiyar ta zo da wahala, a yaba mata ko a rage mata maki?

Gwaji biyu cikin shekara guda

A ranar 23 ga Disamba 1997 Sony ya fitar da Gran Turismo a Japan, a kan na'urar PlayStation, ya isa Turai da Amurka a watan Mayun 1998. Kazunori Yamauchi da ƙaramar tawagarsa, wadda ta zama Polyphony Digital, sun shafe kimanin shekara biyar suna aikinsa. Wasan ya zo da motoci wajen 140 na kamfanoni irin su Toyota da Honda da Nissan, da yawansu irin waɗanda ake gani a titi. Mai wasa yana farawa da ɗan kuɗi, ya sayi mota ta hannu, ya ci jarrabawar lasisi, ya shiga ƙananan gasa, ya tara abin da zai gyara inji da shi. Duk wanda ya san yadda yaron mota ke zama direba, direba ya zama mai mota, zai gane wannan tsani.

Masu sharhi sun yi masa ruwan yabo. Shafin Metacritic, wanda daga baya ya tattara makin mujallu, ya ƙiyasta masa 96 cikin 100. An sayar da kwafi miliyan 10.85, abin da ya sa ya fi kowane wasa sayuwa a PlayStation ta farko. Ƙorafin da aka yi masa ƙalilan ne, amma ya daɗe yana bin jerin wasannin: motocinsa ba sa lotsewa. Mutum zai daki bango da mugun gudu, ya dawo titi ba ko ƙwarzane. Abokan hamayyar da kwamfuta ke tuƙawa kuma layi ɗaya suke bi kamar jerin gwano.

A watan Oktoban 1998 Papyrus ya fitar da nasa gwajin ta hannun kamfanin Sierra: Grand Prix Legends. Kaemmer bai zaɓi motocin zamaninsa ba, ya koma gasar Formula 1 ta 1967. A shekarar ce Denny Hulme na New Zealand ya zama zakara a motar Brabham, a shekarar ce kuma Lorenzo Bandini na Ferrari ya ƙone a Monaco, ya rasu bayan kwana uku. Jim Clark, wanda ya fara cin nasara da Lotus 49 a Zandvoort a watan Yunin 1967, shi ma ya mutu a kan titin tsere a watan Afrilun 1968. Wasan ya kawo filaye 11, ciki har da tsohon Spa na Beljiyam mai tsawon kilomita 14, da Nürburgring na Jamus mai kusan kilomita 23, da Kyalami na Afirka ta Kudu. Da ba a sami izinin amfani da sunayen Honda da Cooper ba, sai aka laƙaba wa motocinsu Murasama da Coventry. An haɗa wa mai saye da littafi guda, wanda ɗan jaridar motoci Steve Smith ya rubuta, don koya masa yadda ake sarrafa irin waɗannan motoci.

Abin da ya sa motar ta gagara

Don a fahimci abin da masu sharhi suka tarar, sai an san motar 1967. Injin Cosworth da ke cikin Lotus 49 yana da ƙarfin doki wajen 400, motar kuma nauyinta bai wuce kilo 500 da 'yan kai ba. Ba ta da fikafikan da ke sa iska ta danna mota ƙasa, domin sai a 1968 aka fara liƙa su. Tayoyinta masu tauri ne. Ƙarfi ya yi yawa, riƙon ƙasa ya yi kaɗan.

Taya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka a lokaci guda. Idan ta kashe ƙarfinta wajen birki, ba ta da sauran da za ta juya mota da shi. Idan aka taka birki, nauyi yana gangarawa gaba, baya ya yi sakayau. Idan aka taka totur, nauyin ya koma baya, gaba ya ƙi jin sitiyari. Direban da ya taɓa saukowa daga kwalta zuwa jar ƙasa bayan ruwan farko, da buhunan masara a bayansa, ya san wannan a jikinsa ko da bai san sunansa a littafi ba. Abin da Papyrus ya yi shi ne lissafa halin kowace taya daban, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, har da tasirin jujjuyawar inji a kan gangar mota. Saboda haka wanda ya taka totur da garaje a tsakiyar kwana sai ya ga gaban motarsa yana kallon inda ya fito.

Manyan mujallu sun yaba, wasu suka ce ba a taɓa yin wasan tuƙi mai gaskiyarsa ba. Amma kusan kowane yabo ya zo da gargaɗi: sai mutum ya shafe kwanaki kafin ya kammala zagaye ɗaya bai faɗa ciyawa ba. Ga kuma buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, domin a farkon fitarsa katunan hoto na 3dfx da Rendition kaɗai yake amfana da su yadda ya kamata. Sitiyarin da ke girgiza hannu gwargwadon halin titi bai fara aiki da shi ba sai da aka yi masa gyara a 1999.

A nan aka ta da wata muhawara da har yau ba a rufe ta ba. Direban gaske yana jin zamewar bayan mota a ƙugunsa da cikin kunnensa kafin idonsa ya gani. Wanda ke zaune gaban allo ido da kunne kaɗai gare shi. Ke nan ko da lissafin tayoyin ya yi daidai, an ɗauke masa rabin abin da zai kare kansa da shi. Wasu suka ce wasan ya fi gaskiyar wuya, don haka bai cika gaskiya ba. Magoya bayansa suka amsa cewa ba laifin lissafi ba ne, ƙarancin kayan aiki ne, kuma zamani zai cike giɓin.

Kasuwa alƙali, zamani ɗaukaka ƙara

Kasuwa ba ta jira a gama muhawarar ba. Grand Prix Legends bai sayu ba, musamman a Amurka, inda sunayen direbobin Turai na shekara talatin baya ba su da masu jin su. Papyrus ya koma kan wasannin NASCAR, kuma a 2004 kamfanin Vivendi, wanda ya mallake shi, ya rufe shi.

Sai dai 'yan tsirarun da suka jure wahalar farko ba su sake shi ba. Suka kafa hanyar haɗuwa ta intanet mai suna VROC, suna tsere da juna daga ƙasashe daban-daban tun zamanin da ake shiga intanet ta wayar tarho. Suka zana ɗaruruwan sababbin filaye kyauta, suka ƙara motocin 1965 da 1966 da 1969. Shekaru bayan an daina ganinsa a kanti, ana ci gaba da shirya gasa a kansa.

Lissafinsa ma bai mutu ba. A kansa aka gina wasannin NASCAR na ƙarshe da Papyrus ya yi. Bayan rufe kamfanin, Kaemmer ya haɗa hannu da attajiri John W. Henry, mai ƙungiyar Boston Red Sox, wanda kamfaninsa ya sayi ƙungiyar ƙwallon Liverpool a 2010. Suka sayi tushen manhajar NASCAR Racing 2003 Season, suka gina iRacing a kanta, aka buɗe shi ga jama'a a watan Agustan 2008. Abin da kasuwa ta ƙi a 1998 ya zama harsashin dandalin da ƙwararrun direbobi ke atisaye a kai.

Daga kujera zuwa titi

Gardamar gaskiya ta sami shaida daga wajen mujallu. A 2008 Sony da Nissan suka ƙirƙiro GT Academy, gasar da ke ɗauko gwanayen Gran Turismo a horar da su a motar gaske. Wanda ya fara cin ta, Lucas Ordóñez na Sifaniya, ɗalibi ne a lokacin. A 2011 ya zo na biyu a ajinsa a tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa. A shekarar ce Jann Mardenborough na Birtaniya, ɗan shekara 19, ya ci gasar cikin masu nema wajen 90,000, kuma a 2013 ya zo na uku a ajinsa a Le Mans.

Amma titi ya tuna wa kowa bambancin da ke tsakani. A watan Maris 2015, a Nürburgring, iska ta shiga ƙarƙashin motar Mardenborough a kan wani tudu, ta ɗaga ta, ta tsallake shinge, wani ɗan kallo ya rasa ransa. Da aka yi fim a kan rayuwarsa a 2023, masu sharhi sun soki yadda aka dawo da haɗarin kafin nasarar Le Mans, don ya zama tsanin labarin jarumta, alhali a zahiri bayanta ya faru.

A 2020 annobar korona ta rufe filayen tsere, sai gasa ta koma allo. A watan Maris tashar Fox ta nuna direbobin NASCAR suna fafatawa a iRacing, Denny Hamlin ya ci tseren farko. A watan Mayu aka gano cewa Daniel Abt, direban Audi a gasar Formula E, ya sa wani ƙwararren ɗan wasa ya tuƙa a madadinsa a wata gasar allo. Aka ci shi tarar yuro 10,000, kuma Audi ya raba gari da shi. Ranar da maguɗi a wasan kwamfuta ya raba mutum da kujerarsa ta gaske, tambayar ko wannan abu wasa ne ta sami amsa.

Ranar da alƙalai suka saɓa da jama'a

Gran Turismo 7 ya fito a ranar 4 ga Maris 2022. Masu sharhi suka ba shi maki 87 a Metacritic. Cikin 'yan makonni, makin da 'yan wasa da kansu ke bayarwa ya faɗi ƙasa da 2 cikin 10. Ba tuƙin suka ƙi ba, abubuwa uku ne suka fusata su.

Na farko, a kwafin da aka ba 'yan jarida kafin fitowa ba a buɗe shagon sayen kuɗin cikin wasa da kuɗin gaske ba, don haka ba su ga farashin ba. Da aka buɗe, sai ga kuɗin wasa miliyan 2 a kan dala 19.99, alhali wasu motocin sun haura miliyan 10. Na biyu, wani gyara da aka tura a tsakiyar watan ya rage ladan da ake samu a tseren da 'yan wasa suka fi tara kuɗi da su. Na uku, yawancin sassan wasan ba sa aiki sai da intanet, ko da mutum shi kaɗai yake wasa. Da na'urorin kamfanin suka tsaya sama da sa'a 30, wanda ya biya kuɗinsa cif ya zauna yana kallon allo. Yamauchi ya nemi afuwa, ya raba wa kowa kuɗin wasa miliyan ɗaya, ya kuma ƙara ladan gasa.

A 1998 masu sharhi sun ga abin da kasuwa ba ta gani ba. A 2022 jama'a ne suka ga abin da aka ɓoye wa masu sharhi. Dalilin yana cikin sauyin da ya sami hajar kanta. Da can faifai ne, abin da aka duba shi za a saya. Yanzu wasa hidima ce da kamfani ke iya sauyawa daga nesa bayan an gama rubuta sharhi, kuma makin da aka bayar ranar farko yana nan manne a jikinsa.

Abin da ba a gani daga teburin mai sharhi

Akwai kuma zato guda da ke ƙarƙashin kusan duk waɗannan sharhuna, wanda ba a rubuta shi saboda masu rubutun ba su taɓa rasa shi ba: wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa. Tsayuwar sa'a 30 ta zama babban labari a Turai da Amurka. Watanni shida kafin nan, a watan Satumban 2021, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Malumfashi da Funtuwa da Bakori, aka shafe makonni babu ko kiran waya. Wasan da ba ya buɗuwa sai da intanet, a irin wannan hali, maki 87 ba ya faɗin komai a kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka ma tsarin wasan. A gidajen gem na garuruwan Arewa, inda ake biyan kuɗi a kan kowane wasa, janareto na ƙara a waje, wasu na jiran layi, ƙwallon ƙafa ce ta yi sarauta, domin mutum biyu za su kara su gama cikin mintoci. Wasan da ke neman sitiyari na musamman da makonnin atisaye ba shi da gurbi a wannan lissafi. Abin da ya kayar da Grand Prix Legends a kantunan Amurka shi ne ke hana irinsa zama a can: lokacin koyo yana da tsada, kuma wani ne ke biya.

Afirka kanta ba ta cika fitowa a taswirar waɗannan wasanni ba. Kyalami ya shiga Grand Prix Legends ne saboda an yi tsere a can ranar 2 ga Janairun 1967, a zamanin mulkin wariyar launin fata, kuma tun 1993 Formula 1 bai sake taka nahiyar ba. Tseren Dakar, wanda tun 1979 ya riƙa ratsa Agadez da hamadar Nijar, ya bar Afirka bayan soke na 2008. Da aka yi masa wasan kwaikwayon tuƙi mai suna Dakar 18 a 2018, hamadar Kudancin Amurka aka zana.

Ga likita ko injiniya ko malamin da ke shirin saya wa ɗansa irin wannan wasa, ko shi kansa yake sha'awa, wannan tarihi ya bar tambayoyi huɗu da suka fi maki amfani. Yaushe aka rubuta sharhin, kafin fitowar wasan ko bayan wata guda? Wasan yana aiki babu intanet? Bayan kuɗin saye, akwai wani kuɗin da ake nema a ciki? Kuma mai sharhin da sitiyari ya gwada shi, ko da abin riƙewa a hannu irin wanda ke gida? Yaron da ke leƙa ƙarƙashin motar kara a Dayi, yana duba ko tayoyin gaba na bin sitiyari, irin wannan binciken yake yi kafin ya yarda a yi musaya.